Gidan da Marubutanmu Suka Ƙi Saya

Duk mai karanta ƙagaggun labaran da ke yawo a wayoyinmu, a Wattpad ne ko ArewaBooks ko zaurukan WhatsApp, ya san wani gida tun kafin marubuciya ta kai shi ƙofarsa. Mota za ta tsaya, a danna hon, maigadi ya taso a guje ya wangale get. Daga nan sai rumfar motoci, sai shuke-shuke, sai falon da ƙafa ke nutsewa a kafet ɗinsa, sai matattakalar bene mai lanƙwasa. Gidan yana Nassarawa a Kano ko Maitama a Abuja, in marubuciyar ta ji ƙarfi ta kai shi Dubai. Hatta sunayen ɗakunan da Turanci ake rubuta su. Ba a gaya mana wa ya sayar da filin, ko wa ke zaune a bayan katangar. Ba wanda aka haifa a ciki, ba wanda aka yi wa wanka aka fitar. Gida ne da ya faɗo daga sama da fentinsa.

Akwai gida na biyu, wanda jarumar ke fitowa daga cikinsa a babin farko. Shi kuma yana cikin Birni, a ƙarshen wani lungu mai kwata, ginin ƙasa ne, akwai kishiyar uwa a ciki da kaka mai faɗa. Aikinsa ɗaya ne a labarin: a bar shi. Da zarar an ɗaura aure, motocin ɗaukar amarya sun fice ta Ƙofar Nassarawa, to shi ke nan, ba za a sake waiwayarsa ba sai ranar da jarumar ta zo raba atamfofi.

Ƙorafinmu a wannan sharhi yana kan gida na uku ne, wanda kusan ba ya fitowa a labaran sam, alhali kullum ana cinikinsa: tsohon gida mai yalwa a cikin Birni, ko wani sashe nasa, wanda mai hali ya gani ya ce shi yake so, ya sa kuɗinsa ya saya. A ganinmu wannan ciniki ɗaya ya tara gado da kishi da shari'a da kunya da kwaɗayi fiye da abin da ake samu a aure goma na labaran yanzu, amma marubutanmu sun bi ta gefensa sun wuce.

Daga inda muke kallo

Daga Ɗambatta muke rubutu, kuma wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a nan. Mutuminmu da Allah ya buɗa wa a harkar hatsi a Dawanau, ko yadi a Kantin Kwari, ko dabbobi, idan ya tashi neman matsuguni a Kano zaɓi biyu ne a gabansa. Ko dai ya sayi fili a unguwannin da ke kan hanyarmu ta shiga gari, irin su Bachirawa da Rijiyar Lemo da Kurna, ya ɗora bulo da kwano, ko kuma ya kutsa cikin ganuwa ya nemi tsohon gida kusa da kasuwa da zauren malaminsa. Mafi yawa na farkon suke zaɓa. Wanda ya zaɓi na biyun shi ne mai labari.

Alaƙar ƙasarmu da gidajen Birni ma tsohuwa ce. Malam Dabo Ɗambazau yana cikin jagororin jihadi a Kano, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Bai, hakimin Ɗambatta. Kafin zuwan Turawa a 1903, manyan hakimai a Birni suke zaune, jakadu ke zuwa ƙauyuka a madadinsu. Turawa ne suka tilasta musu fitowa su zauna a gundumominsu. Ke nan tun fiye da shekara ɗari akwai gidajen da rabin zuciyarsu ke Birni, rabi ke karkara. Mai neman tushen labari ba sai ya yi nisa ba.

Ba a sayar da irin wannan gida sai an yi mutuwa

Abu na farko da ya kamata marubuci ya lura da shi: da wuya mai tsohon gida a Yakasai ko Mandawari ko Soron Ɗinki ya sayar da shi yana raye da ƙarfinsa. Yawanci sai an yi rashi, an zo rabon gado. A ce maigida ya bar mata uku da 'ya'ya ashirin. Matan za su raba tumuni a tsakaninsu, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Gida kuwa ba tuwo ba ne da za a yanka shi ashirin da uku. Sai a kira masu yi wa gida kuɗi, a ce wanda ke da hali a cikin magada ya fanshi rabon saura. In babu, sai a ba dillali.

A nan ne mutanen labarin suke, in da mai dubawa. Akwai babban wa da ya yi shekara talatin yana yaɓen gidan da kuɗinsa, yanzu an ce rabonsa daidai yake da na ƙaninsa da ko bokitin ƙasa bai taɓa ɗauka ba. Akwai gwaggo, ƙanwar mamacin, da ta dawo gidan tun mutuwar aurenta, ta tsufa a ɗakin kusa da rijiya. Shari'a ba ta ba ta komai ba tunda mamacin ya bar ɗa namiji, kuma ba wanda ke da ƙarfin halin gaya mata ranar da za ta kwashe kayanta. Akwai jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa, a gidan aka yanke cibiyarsu, amma ba su cikin magada. Shi kuma mai saye, mutumin Ɗambatta da ya biya kafin alƙalami yana murna, bai san cewa duk waɗannan ya saya tare da ɗakunan ba.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Birnin ma ya ajiye wa marubuci wani makami da bai ɗauka ba, wato shuf'a. Idan mutane sun yi tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗaya ya sayar wa bare da kasonsa, abokin tarayya yana da ikon biyan kuɗin da aka saya ya karɓe. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi a mazhabar, kuma da zarar an raba an ja iyaka ya faɗi. Wanda yake gari ya yi shiru har shekara ya rasa shi. Wanda ba ya nan kuwa, haƙƙinsa yana jiransa komai daɗewar tafiyarsa. Mai karatu ya ƙaddara wani ɗan gidan da ya tafi Sudan ko Makka tun yana saurayi, aka fid da rai da shi, ya dawo ya tarar baƙo ya fasa taga a ɗakin mahaifiyarsa. Wane aljani ko wace makirar kishiya marubuci ke buƙata bayan wannan?

Sai batun takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma a Kano akwai hukumar KANGIS da ke ƙoƙarin shigar da filaye cikin kwamfuta. Amma gidaje da yawa a Birni sun girmi duk wata takardar gwamnati. Shaidarsu ita ce takardar ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa, sai kuma abin da dattawan lungu suka riƙe a ka. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja, mun san bambancin abin da rumbun bayanai ke iya ɗauka da abin da ba ya iyawa. Na'ura za ta adana tsawo da faɗi. Ba ta da gurbin da za a rubuta cewa katangar gabas ta mutum biyu ce, ko cewa kakan wane ya yarda ruwan maƙwabcinsa ya bi ta tsakar gidansa saboda wani alheri da aka yi masa a shekarar yunwa. Idan tsohon da ya san wannan ya rasu, bayanin ya goge, ba kuma inda aka ajiye kwafinsa. Labari ne kaɗai ke iya riƙe irin wannan.

Gini ma yana magana

Rauni na biyu da muke gani shi ne na ido. Marubuciyar da za ta ɓata shafi guda tana siffanta labule da kujerun falo, in ta zo tsohon gida sai ta ce "wani ruɓaɓɓen gidan ƙasa" ta wuce. Alhali kowane ɓangare na wannan gini yana da suna, yana da dalili.

Zaure shi ne iyakar baƙo, nan ake karatu, nan ake sulhu, nan ake karɓar gaisuwar mutuwa. Daga shi sai soraye da shigifa, an jera ƙofofinsu a karkace don kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida. An yi bangon da tubali, mai kaurin da ke hana zafin bazara shiga sai dare ya yi, lokacin da mutanen gida suka riga suka fito tsakar gida ko suka hau soro. Rufin na azara ne, itacen giginya da gara ba ta cika damunsa ba. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a tazara mai nisa, magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don ɗaki ya yi faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Wanda ke son ganin iyakar wannan fasaha ya je tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarki Abdulkarim, ko ya shiga Gidan Makama a Kano ya ɗaga kai. Ana kare bango daga ruwa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Indararo kuwa, inda bakinsa ya kalla ba haɗari ba ne, yarjejeniya ce da maƙwabta.

Mai saye da bai san wannan ba, abin da yake fara yi shi ne ya kira birkila ya shafe bangon da siminti. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma yana kulle damshi a ciki, sai bayan damina biyu ko uku ya fara ɓanɓarowa da naman bangon. Ko ya toshe wata 'yar kafa a gindin katanga da yake ganin ta ɓeraye ce, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ya gane hanyar ruwan gidaje huɗu ce. A sana'armu muna da irin wannan. Sabon ma'aikaci in aka ba shi tsohuwar manhaja, abin da ke fara zuwa masa shi ne a goge a sake sabuwa. Wanda ya daɗe ya san cewa layin da ya fi kama da shirme sau da yawa shi ke tare wata ɓarna da aka taɓa yi aka manta. Shi ya sa har yau akwai bankunan duniya da ke aiki da yaren COBOL, wanda aka ƙirƙira tun 1959. Tsohon gida haka yake: kafin ka rushe, tambayi abin da ake tarewa.

Kada a ɗauka muna cewa zaman Birni aljanna ce. Akwai lungun da mota ba ta shiga, ko mai naƙuda sai an tallabo ta zuwa bakin titi. Kududdufan da aka haƙi ƙasar ginin daga cikinsu, waɗanda ke shanye ruwan damina, an cike da yawa an yi gini a kai, ruwa kuma sai ya nemi hanyarsa ta cikin ɗakuna. Rijiya tana kusa da masai. Yaɓe na shekara-shekara yana cin kuɗi, maginan da suka iya aikin kuma suna ƙarewa. Marubucin da zai rufe ido ga waɗannan ya yi ta begen zamanin da, shi ma bai fi mai gidan Maitama gaskiya ba. Daɗin labarin yana wajen mutumin da ya ga duk wannan, ya auna, ya ce duk da haka zai saya.

Ka sayi gida, ba ka sayi suna ba

Abu na uku shi ne unguwa. A sabuwar unguwa mutum yana iya shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. A Birni gida yana zuwa da wajibai. Wataƙila a zauren ake makarantar allo tun kafin a haifi mai sayen. Wataƙila matan lungu daga rijiyar suke ɗiba, ko kuma ta cikin gidan ake ratsawa zuwa gidan baya. In sashe ɗaya ya saya, to zaure ɗaya zai riƙa bi da waɗanda suka sayar masa, su ga cefanensa, ya ji faɗansu. Ranar da ya sa ƙofar ƙarfe ya kulle, doka ba za ta ce ya yi laifi ba, amma zai ga yadda sahun masallaci ke yi masa sanyi.

Ga kuma abin da duk ɗan karkara ya sani ko da ba a faɗa: ɗan Birni yana da yadda yake kallon wanda ya zo daga ƙauye, komai kuɗinsa. Za a ci abincinsa, a amsa gaisuwarsa, amma shekara ashirin bayan ciniki, in yaro ya tambayi kwatance, da sunan tsohon mai gidan za a kwatanta masa. Yaushe gida ke komawa sunan wanda ya saya? Sai ya aurar da 'ya a ciki? Sai an fitar da gawarsa ta zauren? Wannan tambaya kaɗai ta isa littafi.

Ba yau aka fara ba

Adabinmu ya taɓa sanin darajar gida. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, abin da ya girgiza mai karatu shi ne korar Rabi da 'ya'yanta daga gidan Alhaji Abdu. Tambayar wa ke da iko da rufin da ke kan mace ita ce ƙashin bayan littafin. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, rijiya ce ta juya labarin Sumayya. Shirin Gidan Badamasi ya nuna cewa masu kallo ba sa gajiya da rikicin 'ya'ya a kan dukiyar uba, ko da an zo da shi ta hanyar barkwanci.

A waje ma haka ne. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya sa wa littattafansa uku mafi shahara sunayen titunan tsohuwar Alƙahira, ya bi zuriya ɗaya daga gida zuwa gida har ƙasar ta sauya a kan idon mai karatu. Ala al-Aswani a 2002 ya ɗauki tsohon bene ɗaya a tsakiyar birnin, masu hali a manyan sassa, talakawa a ƙananan ɗakunan saman rufi, ya nuna Masar gaba ɗaya a cikinsa. V. S. Naipaul a 1961 ya rubuta rayuwar wani mutumin Tirinidad da burinsa kawai ya mallaki gida, ya ci bashi ya saya, sannan ya gano aikin ha'inci aka yi a ginin, amma duk da haka ya mutu a ƙarƙashin rufinsa. Ba ɗayansu da ya buƙaci jirgin sama na ƙashin kai.

Uzurin da za a kawo

Za a ce mai karatu da ke fama da tsadar rayuwa hutu yake nema a waya, ba lungu da kwata ba. Marubuciya kuma masu karatu ke biyanta, abin da suke so shi za ta ba su. Za a kuma ce mafi yawan masu rubutun nan mata ne, kuma ga mace da yawa gidan gado wurin takura ne, idon dangin miji a kanta dare da rana, don haka mafarkin gida nata ita kaɗai ba abin raini ba ne. Duka biyun gaskiya ne, ba ma musu.

Sai dai uzuri na biyun hujja ce a gare mu. Wadda ta san takurar gidan yawa daga ciki ita ta fi kowa cancantar rubuta shi. Kuma wa ya ce mai sayen sai namiji? A ƙaddara bazawara mai sana'ar turare ko kayan ɗaki, wadda 'yan'uwanta maza suka raina, ranar da aka sa gidan ubansu a kasuwa ta ce ita za ta fanshe shi, gwaggo kuma ba inda za ta. Wannan ma cikar buri ne, kuma mai karatu zai fi jin sa a jika fiye da auren ɗan minista, domin ya san mace irinta a unguwarsu. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun daga 2016, ta nuna cewa matanmu suna iya rubuta rayuwa yadda take, kuma ana sauraro.

Abin da ke kan faifai

Dalilin da ya sa muke ganin abin da gaggawa shi ne Birnin da kansa yana tafiya. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara kimanin shekara 900 da suka wuce, wadda aka sa cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su tun 2007, an cinye yawancinta. Tsofaffin gidajen da ke kusa da titi ko Kasuwar Kurmi, wanda ya saya yakan rushe ya jera shaguna, domin lissafin haya ya fi lissafin yaɓe daɗi. A Fas da Marrakesh na Maroko, baƙi masu kuɗi sun sayi irin waɗannan gidaje sun mayar da su masauki. Bango ya tsira, amma mutanen unguwa da yawa sun tashi. Mu a nan muna kan hanyar rasa bangon da mutanen gaba ɗaya, har da kalmomin. Yaro nawa ne a yau zai iya nuna zanko ko ya bambanta shigifa da turaka?

Marubuci ba zai hana katafila aiki ba. Amma zai iya sa wanda ya karanta, ranar da aka zo rabon gidan kakansa, ya tsaya ya yi tambaya ɗaya kafin ya ce a sayar. Shawararmu ga masu alƙalami mai sauƙi ce. A nemi dillalin gidaje a cikin Birni a bi shi yini ɗaya. A zauna a kotun shari'a ranar da ake rabon gado. A sami tsohon magini a tambaye shi dalilin kowace kafa da ke jikin bango. In Kano ta yi nisa, tsofaffin gidajen cikin garin Ɗambatta da na Kazaure da Daura suna nan, da zaurukansu da gwaggonninsu. Abin da za a ji a yini ɗaya ya isa babi goma, kuma ba wanda ya riga ku rubuta shi.